Fentin ƙaramar motata ya yi ɓawon lemu, rufin kuma ya yamutse

Ɗan_Koyo24:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da fara haɗa ƙananan motocin roba masu ma'aunin 1/24, wannan ce ta biyu a hannuna, Nissan Skyline R32. Haɗawar ba ta ba ni wuya ba, fenti ne ya kayar da ni.

Ran Asabar na fesa mata ja da gwangwani. Saboda tsoron kada ya tsiyaya sai na ja baya sosai, zai kai santimita 40 tsakanina da motar. Da ya bushe sai bonet da ƙofofi suka fito gurji-gurji kamar ɓawon lemu. Na ce bari in rufe da kiliya, wato fenti marar launi da ake fesawa a kai don sheƙi, ko za ta ɓoye aibin. Washegari na zuba mata kiliya mai kauri, ko minti biyar ba a yi ba rufin ya yamutse kamar takardar da aka dunƙule. Kusa da ƙofar direba kuma akwai 'yan ramuka uku zagayayyu da fentin ya ƙi hawa. Yanzu na duba gwangwanayen: ashe nau'in fentin ba ɗaya ba ne, jan inamel ne, kiliyar kuma lakwa. Akwai gyara, ko in haƙura da wannan bodin?

Baba_Sanfefa:
Wa alaikumus salam. Kada ka yar da komai, ɗana, bodin na nan lafiya ƙarƙashin fentin. Amma ciwo uku ka kawo mana a jiki ɗaya, kowanne da sanadinsa.

Yamutsewar rufin ita ce babba. Sinadarin da ke narkar da lakwa ya fi na inamel zafi nesa ba kusa ba. Inamel kuwa ba ya bushewa da wuri, sama ce kawai take shanyewa, ciki na iya ɗaukar mako guda ko fiye kafin ya ƙanƙame. Kai ko kwana ɗaya cikakke ba ka ba shi ba ka ɗora masa lakwa, sai ta huda ta ɗaga shi. Riƙe wannan: inamel ko akirilik kan lakwa ba laifi, lakwa kan inamel neman magana ne ko da ya daɗe da bushewa. Wannan ba a goge shi da sanfefa, sai an sauke fentin duka. Ni maganin wanke murhun gashi mai sinadarin soda nake fesa wa bodi, in sa a leda in ɗaure ya kwana, da safe in bi shi da tsohon buroshin haƙori. Sa safar hannu da tabarau, yana cin fata. Inda lakwar ta kafe, barasar goge rauni mai ƙarfin kashi 91 ko 99 cikin ɗari tana sassauta ta. Tinar lakwa kuwa, wato ruwan da ake tsinka lakwa da shi, kada ka kusanto ta da bodin, narkar da robar za ta yi.

ɓawon lemun nan nisan da ka ba da ne ya haifar da shi. Daga santimita 40 ƙwayoyin fentin sun fara bushewa a iska kafin su sauka, sai su taru kan juna ba su haɗe sun kwanta ba. Tsaya tsakanin 15 zuwa 20. Girgiza gwangwanin minti biyu cur, da agogo, ba da ka ba. Tsoma shi cikin ruwan ɗumi minti biyar zuwa goma, ɗumin da hannunka zai jure, ba tafasasshe ba, don gwangwani na iya fashewa. Ɗumin na sa fentin ya yi ruwa-ruwa ya fito da laushi. Ka fara danna kan gwangwanin kafin ka iso motar, ka saki bayan ka wuce ta. Shafe biyu na farko kamar raɓa, ana hango abin da ke ƙasa, minti goma zuwa sha biyar a tsakani. Na uku ne za ka ɗan rage sauri har ka ga fuskar ta yi sheƙin jiƙa, nan za ka tsaya. Tsakanin wannan sheƙin da tsiyaya tazarar ba ta fi ƙiftawar ido ba, kuma hannu ne ke koyonta, ba karatu ba. Na ɓata cokulan roba sun fi a ƙirga kafin in gane ta, har yau kuma kowane sabon gwangwani sai na gwada shi a bayan cokali.

Ramukan nan su ake kira idon kifi. Maiƙo ne, ko na yatsunka ko wanda ya biyo robar daga masana'anta. Wanke bodi da sabulun wanke-wanke, bar shi ya bushe da kansa, daga nan kada ka sake taɓa shi da hannu tsirara.

Hajiya_Buroshi:
Baba ya gama magana, sai dai ban ji an ambaci firaima ba, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa kafin launi, kuma ina zargin ɗan'uwanmu bai sa ba. Ja ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Sa masa farar firaima ko ruwan hoda, toka-toka na kashe masa haske. Ni firaimar Mr. Surfacer 1500 nake so, don ba ta cike layukan ƙofa.

Sai kuma yanayi. Na taɓa fesa baƙar lakwa ranar da aka wuni ana ruwa, ta fito da hazo fari-fari kamar an hura numfashi a gilashi. Lakwa na bushewa da sauri har fuskar ta yi sanyi, danshin iska ya sauka a kanta. Tun daga ranar, in akwai danshi sosai ba na feshi. Da ka gama kuma kifa mata robar ajiya mai tsabta saboda ƙura.

Ɗan_Koyo24:
Kin kama ni, Hajiya, ban sa firaima ba. Na gode ƙwarai. Baba, in na sake kuma ɓawon lemun ya ɗan fito, sai na ƙara saukewa?

Baba_Sanfefa:
A'a, wannan sanfefa ke maganinsa, har da tsiyaya da ƙwayar ƙura. Bar fentin ya ƙanƙame tukuna, lakwa kwana biyar zuwa bakwai. Shinshina bodin, in har yana warin fenti bai isa ba. Sai ka jiƙa sanfefa mai lamba 2000 ka shafa a hankali har tabon sheƙin da ke cikin kwarurrukan ya ɓace, fuskar ta zama dusu-dusu bai ɗaya. Bi da 3000, in kana da ƙyallen Micro-Mesh, wato sanfefar ƙyalle mai laushi sosai, ka haura har 12000, sannan man folish na Tamiya, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Gara ka yi wannan a kan kiliya, ba kan launin ba. Gefuna da kusurwoyi ka liƙa musu siririn tef, don nan fenti ya fi siranta, shafa biyu ka ga firaima ta leƙo. Kuma wannan karon firaima da ja da kiliya duk ka ɗauko lakwa, ka yi feshin inda iska ke wucewa, da takunkumi mai matatar sinadari, na takarda ba ya tare warin.