Haɗin Suzuki yana yin baƙi, baifenil nake samu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Ina yin haɗin Suzuki, wato haɗa bromayid da asid ɗin boronik ta hanyar paladiyam. Ina haɗa bromayid ɗin, 4-bromoanisol, milimol 1, da asid ɗin fenilboronik milimol 1, katalis ɗin paladiyam Pd(PPh3)4 kashi 3 cikin ɗari, da bes ɗin K2CO3 a dayoksen (ruwan narkar da sinadarai), zafi digiri 90. Ko minti goma ba a yi, kwalbar sai ta koma baƙi ƙirin. TLC (gwajin faranti mai raba sinadarai ɗigo-ɗigo) na nuna bromayid ɗin yana nan zaune, ga ɗigon baifenil a sama. Ina matsalar take?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba ka ce ka kori iska ba, kuma alamu biyun nan duk oksijin suke nunawa. Shi ke cinye fosfin ɗin (PPh3) da ke riƙe da paladiyam, ƙarfen ya rasa mariƙi ya dunƙule ya zube, baƙin da ka gani ke nan. Shi ne kuma ke sa boronik biyu su auri juna su ba ka baifenil. Zura doguwar allura har ƙasan ruwan, ka busa argon ko naitirojin minti 15 zuwa 20, da wata gajeriyar allura a murfin roba don iska ta fita. Katalis ɗin a ƙarshe za ka zuba. Ka kuma dubi kalarsa: mai kyau rawaya ne mai haske, in ya koma ruwan ƙasa, kada ka ɓata masa lokaci.

Amsa ta biyu:
Ƙari a kan bayanin Malam, ina ruwa a haɗin naka? K2CO3 ba ya narkewa a dayoksen zalla, kuma in bes bai yi aiki ba, fenil ba zai tashi daga boron ya hau paladiyam ba. Yi dayoksen mililita 4, ruwa 1, K2CO3 miligiram 276. Boronik ɗin kuma ɗaya da ɗaya ya yi kaɗan, tunda wani kaso yakan rasa boron ɗinsa ya zama benzin. Ɗaga shi zuwa milimol 1.3, wato miligiram 158.

Amsa ta uku:
In dayoksen ɗin ya daɗe a buɗe, gwada shi da takardar gwajin feroksayid tukuna, don feroksayid na mayar da boronik fenol, kuma busa argon ba ya cire shi. Bromayid mai metoksi irin 4-bromoanisol ɗinka yana ɗan jan ƙafa dama, saboda haka bar shi ya kwana kafin ka yanke hukunci. Kada ka yi saurin sayen SPhos, wani mariƙin paladiyam na fosfin, wannan sai ran da ka koma kan kulorayid.