Yaushe za a sake yi wa yaro mai galahanga gwajin ƙwaƙwalwa?

Babu lokaci guda da ya dace da kowane yaro, amma akwai ma'auni. A Amurka, dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman (IDEA) ta wajabta wa makaranta ta sake tantance ɗalibin da ke samun ilimi na musamman aƙalla sau ɗaya cikin shekara 3, kuma ba fiye da sau ɗaya a shekara ba, sai idan iyaye da makaranta sun amince.

Gaggawa ma tana da illa. In aka maimaita gwajin basira irin WISC-V kafin shekara ta zagayo, yaro kan tuna da tambayoyin, makinsa ya hau alhali ba ƙaruwa ya yi ba.

An fi nanata sake gwajin a lokutan sauyi: shiga sakandare, balaga, da shirin jami'a. Amma in yaro ya fara manta abin da ya iya, ko farfaɗiya ta bayyana, ba a jiran shekara 3. Likita ake fara gani. A kuma adana tsohon rahoto, a miƙa wa mai gwajin ya kwatanta da sabon.