Me za mu kira flap na fiffiken jirgi?

Malamin Agege: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa yara haɗa ƙaramin jirgi mai rimot da katakon balsa (wani katako mara nauyi), gobe kuma zan kai takardar darasin wurin bugawa. Na maƙale a kan flap: yankin nan na bayan fiffike, kusa da gangar jirgi, wanda ke sauka dama da hagu lokaci ɗaya don jirgi ya rage gudu bai faɗo ba.

Na Idi-Araba: Birkin fiffike. An gama.

Injiniya: Ba a gama ba, ɗan'uwa. Birki rabin aikinsa ne. In ka sauke shi digiri 10 zuwa 15, ƙarfin ɗagawa yake ƙarawa, da shi ake tashi. Sai wajen digiri 40 turjiyar iska ke rinjaye, na sauka ke nan. Ka tsaya a Agege ka kalli jiragen da ke gangarowa filin jirgin Ikeja, za ka gan shi a zube.

Maman Ilham: Leɓen fiffike fa? Ai kamar yaro ya saki leɓe zai yi kuka.

Baba Dattijo: Geza! Gezar fiffike. Shekara nawa ina faɗa, muna da kalma, ku ne ba ku nema.

Injiniya: Baba, geza lilo take yi yadda iska ta ga dama. Wannan kuwa ɗan inji ne ke riƙe da shi ƙam. Mu dai filaf muke cewa.

Baba Dattijo: Filaf! Zaman Legas ya cinye muku harshe. A Kano wa zai faɗi haka?

Na Idi-Araba: Kanon da ake cewa birki da sitiyari? Baba, a bar tone-tone.

Baba Dattijo: Waɗancan sun zauna tun kafin a haife ka.

Malamin Agege: Jama'a, gobe ne fa. Kuma akwai eleron, na can bakin fiffike, wanda ɗaya ke hawa ɗaya na sauka don jirgi ya karkata. Shi ma leɓe ne?

Maman Ilham: Leɓen ciki da leɓen waje mana.

Injiniya: Ba laifi. Amma irin na Fowler, mai zamewa baya kafin ya sauka ya ƙara faɗin fiffike, wane leɓe ne ke yin haka?

Malamin Agege: Ba mu kai can ba, namu mai hinji ne kawai, irin na ƙofa. Na rubuta leɓen ciki, filaf a gefensa.

Baba Dattijo: To. Ni dai jikokina geza za su ji.