Wai da gaske ganye ba ya shan koren haske?

Auta: Assalamu alaikum. Ina neman a raba mana gardama. A littafinmu na kimiyya an rubuta cewa ganye kore ne domin shuka ba ta amfani da koren haske ko kaɗan, ja da shuɗi kawai take sha ta haɗa abincinta, koren kuma ta mayar da shi. Wani ɗan ajinmu ya ce wannan ba daidai ba ne, har muka yi musu.

Yaya: Wa alaikumus salam. Littafinki ne ke da gaskiya, Auta. Sinadarin kulorofil da ke cikin ganye ya fi kama haske a wajen nanomita 430 (ma'aunin tsawon zangon haske ne, kowane launi da nasa), wato shuɗi, da kuma wajen 660, wato ja. Tsakiya, inda kore yake, kusan fanko ne. Kuma ba yau aka gano ba. A 1882 wani Bajamushe, Engelmann, ya raba haske da gilashi mai kusurwa uku ya zama launukan bakan gizo, ya haska shi a kan zaren gansakuka guda, ya zuba ƙwayoyin bakteriya masu neman iskar oksijin, wadda shuka ke fitarwa a inda take haɗa abinci. Sai suka yi dandazo a wurin ja da wurin shuɗi, wurin kore kuwa 'yan tsiraru. Gani ya kori ji.

Injiniya: Ina bayan Yaya. Ku dubi fitilun da ake kunna wa shuka a gonakin cikin gini, haskensu ruwan hoda ne mai duhu, ja da shuɗi aka gauraya. Da kore na da amfani, ai masu biyan kuɗin lantarki ba za su bar shi ba.

Malam: Yaya, lambobinka daidai ne, amma na kulorofil ɗin da aka tatso aka narkar a kwalba ne. Ganye mai rai daban yake. Idan aka auna ganye sukutum, yana shanye mafi yawan koren hasken da ya sauka a kansa, sau da yawa fiye da kashi 70 cikin 100. Abin da yake mayarwa kaɗan ne.

Yaya: To Malam, in yana shanye shi, me ya sa muke ganinsa kore shar?

Malam: Saboda ja da shuɗin ya shanye su kusan kaf, sai ɗan ragowar koren ya zama shi kaɗai ke isowa idonka. Ga shi kuma idon ɗan Adam ya fi jin haske a wajen nanomita 555, daidai kan kore. Abu kaɗan ne ke cika mana ido.

Anti: Ni dai ban yi zurfi a kimiyya ba, amma yanzun nan na tsinki ganye na ɗaga shi saitin taga. Jijiyoyinsa sun fito raɗau, kuma hasken da ke ratsowa kore ne. Wannan bai nuna wucewa yake yi ba, Malam?

Malam: Madalla, Anti, kin taɓo wurin da maganar take. Wani ya wuce, amma ki tambayi hanyar da ya bi. Cikin ganye ba sumul yake ba, ƙwayoyin halitta ne jere a sama, a ƙasa kuma wasu a warwatse da guraben iska a tsakaninsu. Haske in ya shiga sai ya riƙa karo yana juyawa, nan ya bugi bango, can ya dawo. Ja da shuɗi tun a saman ake cafke su. Kore kuwa, da yake ba a saurin kama shi, sai ya nutsa ciki yana yawo, kowane juyi kuma wata dama ce ta a kama shi. Ga kuma karotinoyid, sinadaran nan masu launin rawaya da ruwan lemo, suna kama shuɗi har zuwa bakin kore su miƙa wa kulorofil.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsakar rana. A lokacin, ƙwayoyin saman ganye sun ƙoshi, ƙarin ja ba ya ƙara musu komai, sai dai su zubar da shi ya zama zafi. Na ƙasa kuwa suna nan da yunwa, kuma kore ne ya fi isa gare su. Terashima da abokan aikinsa a Japan sun nuna a 2009 cewa a cikin farin haske mai ƙarfi, ƙarin kore ya fi ƙarin ja ciyar da aikin haɗa abinci gaba. Tun 1972 ma McCree ya gwada amfanin gona iri 22 a Amurka, ya tarar haɗa abincin ya ɗan ragu a wurin kore amma bai faɗi ƙasa ba.

Yaya: Kenan Engelmann ya yi kuskure?

Malam: A'a. Zaren gansakuka siriri ne ƙwarai, babu kaurin da haske zai yi yawo a ciki. Abin da ya gani gaskiya ne a kan abin da ya gwada.

Injiniya: Fitiluna fa? Ba a amsa min ba.

Malam: Lissafin lantarki ne, Injiniya, kai ka fi ni sani. Fitilar LED ja da shuɗiya sun fi koriya mayar da wuta haske, shi ya sa aka fara da su. Yanzu da yawa sun koma farar fitila, wadda akwai kore a cikinta, har ma'aikata sun fi gane ganyen da ya kamu da cuta a ƙarƙashinta.

Yaya: Na sassauta, amma ban sauka duka ba. Har yanzu kore ne ganye ya fi ƙarancin sha a cikin ukun, in ba haka ba da ganye baƙi ne.

Malam: Wannan kam ban musa ba. "Ko kaɗan" ɗin ne na ƙi.

Auta: To ni ranar jarabawa wanne zan rubuta?

Anti: Ki rubuta cewa ya fi shan ja da shuɗi, ki cire "kawai". Malam, ya yi?

Malam: Ya yi, Anti.