Muhawara: ɗaliba mai jego ta jira yaye kafin ta koma lakkwal?

Shugaban iyayen ɗalibai: Ni a ganina, ɗiyar da ta haihu ta zauna gida har ta yaye. Shekara 2 ba ta da yawa. Jinjiri na gida yana kuka, ina hankalinta zai tsaya ga allo?

Malamar CEG (kwalejin da ake shiga bayan firamare): Alhaji, shekara 2 ɗin nan ce ke kashe karatun. Kafin yaye ya zo, sau da yawa wani cikin ya shiga, tsaranta sun yi gaba, kunya ta hana ta zama da ƙannenta a aji. Dokar da gwamnatin Nijar ta kafa a Disamba 2017 an yi ta ne don ɗiya mace ta ɗore da karatu. Inda ake kuskure: ta ɓace ba labari. Tun kafin haihuwa a kai wa darakta takardar likita, in ba haka ba kowane gwajin da ya wuce ta sifili ne, makinta ya faɗi ƙasa da 10 cikin 20.

Ungozoma: Malama ta yi gaskiya, amma kada a yi gaggawa. A bar ta ta gama arba'in. Wata 6 na farko nono zalla ne, ko ruwa ba a ba shi. Abin da ke ɓata lamarin, da yaro ya yi kuka sai kaka ta ɗura masa ruwa ko kunu, zawo ya biyo baya, uwar ta bar aji ta koma jinya. Nonon da aka tatsa a kofi mai tsabta da marufi yakan kai awa 4 in wuri da sanyi, amma a zafin Afrilu na Maradi ban yarda da shi ba. Gara a goyo yaron a kai mata lokacin hutun safe.

Shugaban iyayen ɗalibai: To Hajiya, wa zai kai shi kullum? Kuɗin kabu-kabu fa?

Shugabar asusun mata: Baba, nan jihar Maradi aka fara asusun mata na Mata Masu Dubara a 1991, zubin mako-mako na iya ɗaukar wannan. Abu mai wuya shi ne yardar miji da uwar miji. A zauna da su tun kafin a koma lakkwal a Oktoba, a faɗi wa zai riƙe yaro, wa zai ɗora tukunyar rana.

Malamar CEG: In duk ya gagara, ta yi rajistar BEPC, jarrabawar ƙarshen CEG, daga gida, wata ƴar ajinsu ta riƙa kai mata littafi da yamma tana kwafa.