Folish da sir: mu raba musu suna da Hausa

Salamu alaikum 'yan'uwa masu fenti, masu wankin mota, da duk wanda Allah ya ba abin hawa. Daga Garwa nake rubutu. Kalmomin Hausa nake nema da za su raba folish da sir, domin na ga rashinsu yana cinye fentin motocin mutane.

Ga abin da ya tayar da zancen. Shekaranjiya wata Hajiya ta kawo baƙar Corolla garejinmu, ta ce a sa mata folish kamar yadda aka saba. Na tambaye ta wa ke yi mata a da. Ta ce inda take kai wanki ne, kusan duk wata sai sun bi motar da inji, yau shekara biyu ke nan. Na zagaya na duba bakin kafo, wato murfin inji, da kafaɗar ƙofofi. Fentin ya dushe, a wuri biyu har shafen ƙasa mai ruwan toka ya leƙo. Ita a ranta abin da zai kare mota daga rana da ƙura take nema. Su kuma abin da kunnensu ke ji shi ne a goge da inji. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya a cikinsu. Kalmar ce ɗaya, aikin kuwa biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne.

Mu a nan bakinmu ya rabu biyu. Wanda ya koyi sana'a a Yola ko Mubi zai ce folish da wakis. Wanda ya koya a Gaundare, Marwa ko Njamena zai ce fat a madadin folish, ya ce sir a madadin wakis, aikin fitar da ƙyallin kuma ya ce lustiraj. Mai mota kuwa duk ya haɗa su a jaka ɗaya, ya ce "abin sa ƙyalli".

Kafin a kawo suna, bari in faɗi abin da folish ke yi da abin da sir ke yi, don wanda ba sana'arsa ba ce.

Fentin motar zamani hawa uku ne: shafen ƙasa, sai launi, sai barni, wato ruwan fenti marar launi da ke can sama yana ɗaukar ido. Duka ukun a motar da ta fito daga kamfani ba su cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Barnin shi kaɗai yana tsakanin 35 da 50. Silin gashin mutum ya fi shi kauri. Folish yana ɗauke da gari mai tauri, galibi alminiyom oksayid, irin wanda ake mannawa a jikin samfefa, sai dai an niƙe shi luƙui. Idan inji ya juya shi a kan mota, cin barnin yake yi har saman ya sauko daidai da zurfin ƙarzunan. Ƙarzun ba cikewa ya yi ba, abin da ke kewaye da shi ne aka rage. Abin da aka rage ɗin kuma ya tafi ke nan. Sir ba ya cin komai. Shimfiɗa ce siririya da ake ɗorawa bayan an gama, ita ke karɓar rana da ruwa da kashin tsuntsu, ta ƙare, a sake.

To ina sunayen? Bismillah.

Na dawo daga sallar la'asar na tarar da shawarwari da yawa, Allah ya saka da alheri. Bari in bi su.

Wadda ta fi yawa ita ce "man sheƙi" ko "man ƙyalli". Tana da daɗin faɗa, amma ita ce dai ramin da muke son fita. Folish da sir dukansu biyu suna sa sheƙi. Idan Hajiya ta ce a sa mata man sheƙi, yaron wanki zai sake ɗauko inji. Sunan da nake nema ya faɗi abin da maganin ke yi wa fenti, ba yadda mota ke fitowa daga baya ba.

Wani ɗan'uwa daga Kusuri ya ce "man guga". Ɗan'uwa, na gwada shi a bakin yaran gareji, ɗaya ya ɗauka zancen gugar kaya ake, ɗaya ya tuna gugar rijiya. "Man gogewa" ya fi shi kusa, sai dai goge ta yi faɗi da yawa. Mai share ƙura da tsumma gogewa yake yi, mai wanke haƙora ma haka. Ba ta tsorata kowa, ni kuwa ina son kalmar da za ta sa mutum ya dakata kafin ya ce a yi.

An kawo "man kankara", daga kankarewa. Ma'anar ta yi, amma yawancinmu a waya ba ma sa ƙugiya, sai ta koma ƙanƙara, a yi zaton na sanyaya inji ne. "Man wasa" ma haka: mai shawarar wasa wuƙa yake nufi, mai karatu zai ga wasan yara.

Malam, kai da ka ce ka yi shekaru a gidan auduga, taka ce ta tsaya mini a rai: gurza. Garwa garin auduga ce, nan hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton take, ba yaron da bai san gurzar auduga ba. Mata na gurza kuɓewa, ana gurza rogo. Duk wanda ya ji an ce "za a gurje motarka" ya san wani abu zai ragu a jikinta. Ba wanda zai yarda a gurje masa mota duk wata. Wannan tsoron shi nake nema.

Amma folish ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. Akwai mai kaushi, wanda ake sa wa fentin da rana ta ƙona ko wanda aka bi da samfefar ruwa mai lamba 1500 ko 2000. Shi ake haɗawa da faifan ulu ko soso mai tauri. Yana cire ƙarzu mai zurfi, amma shi ma yana barin nasa sawun, wani hazo-hazo da zane kamar saƙar gizo wanda sai an fito da baƙar mota rana ake gani. Akwai kuma mai laushi, da ake bi da shi a kan soso mai taushi don share wannan sawun. Na farkon shi ne man gurza, ba gardama. Na biyun fa? Wata 'yar'uwa daga Marwa ta ce "man lailaya", ta ce yadda maginiyar tukunya ke bin jikin tukunya da dutse mai santsi kafin a gasa. Yaya, kin gama magana. Lailaya ma taɓa jikin abu take yi, amma a hankali.

Amfanin sunayen biyu shi ne suna koya wa yaro tsarin aiki ba tare da dogon bayani ba. Ƙa'idar ita ce a fara da mafi sauƙi. Ka zaɓi wuri kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, ka gwada man lailaya. In ya fitar da abin da kake so, ka bar man gurza a gwangwaninsa. Yawancin zanen da ke jikin motocinmu na ƙurar hunturu ne, wadda yaro ke sharewa da busasshen tsumma kowace safiya daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma irin wannan zanen ba shi da zurfi. Ɗigo uku ko huɗu kamar ƙwayar wake sun isa a kan soso. A shafa shi a jiki kafin a kunna inji, a fara a hankali, faifan ya kwanta sosai, hannu kada ya tsaya wuri ɗaya. Bakin kafo da duk wata kusurwa a rufe su da sikoc, wato tef mai manne, don nan fenti ya fi siranta, nan kuma ya fi saurin ƙonewa. Kuma don Allah a daina ɗaura soso a injin yankan ƙarfe. Yana juyi sama da 10,000 a minti, aikin fenti kuwa wajen 1,000 zuwa 1,500 yake so. Na ga kafon da aka ƙona da shi cikin ƙiftawar ido, sai da aka sake fesa shi gaba ɗaya.

Yanzu sir.

Baba, dattijon da ya koya wa da yawa daga cikinmu riƙon bindigar fenti, jikansa ya rubuto a madadinsa cewa a kira shi makuba. Baba, Allah ya ƙara girma, na daɗe ina juya wannan kalmar. A da idan mata sun gama daɓe, sun buge ƙasa ta kwanta ta yi sumul, sai a jiƙa ɓawon ɗorawa a yayyafa ruwan, daɓen ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ruwa ya daina cinsa. Tsarin aikinmu ke nan sak: a daidaita tukuna, a rufe daga baya. A ma'ana babu wadda ta kai ta. Abin da ya hana ni ɗaukarta shi ne na tambayi yara shida a gareji, ɗaya ne kawai ya taɓa jin kalmar, shi ma a bakin kakarsa. Siminti da tayil sun kore ta daga gidajen birni. Kalmar da sai an yi mata bayani ba za ta zauna a wurin wanki ba, kuma wannan ya ba ni takaici ƙwarai.

Mutanen Gaundare suka ce ai abin a fili yake, kaki ne, su da ke tsakiyar ƙasar zuma sun san shi. Na yarda, da gyara ɗaya. Kada mu ce kakin zuma, mu ce kakin mota. Wanda ake yi wa mota na asali daga ganyen wata bishiya yake fitowa mai suna karnoba, a arewa maso gabashin Barazil, ganyenta kamar na giginya. Ana yanko ganyen, a shanya, a kakkaɓe garin kakin. Shi sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 yake narkewa, kakin zuma kuwa tun daga 62 zuwa 64 ya sake. A watan Maris da Afrilu, lokacin da iskar Garwa ke haura digiri 40, rufin baƙar mota a rana yana wuce inda kakin zuma zai iya tsayawa. In muka bar "zuma" a sunan, gobe wani zai narka saƙar zuma ya shafa wa mota, ta kwashi ƙurar gari duka. Wanda ya ce kaki zai rikice da kayan soja, ina ganin da zarar an ce "na mota" an wuce wurin. Akwai kuma na haɗin sinadari, wanda ya fi na ganye daɗewa a irin zafinmu: na ganyen makonni ne zuwa wata biyu, na haɗin yakan kai wasu watanni. Wannan mu ce masa kakin haɗi.

Shi kaki shafawa ake yi, kuma siriri. A inuwa, jikin mota ya huce har ka iya ɗora tafin hannu ka bari. In ya yi fari-fari ka ja yatsa, in wurin ya fito tas, sai a share da tawul mai laushi. A kiyaye baƙar roba, yana bar mata farin tabo. Motar da aka fesa wa sabon fenti kuma a ba ta wata ɗaya zuwa uku kafin kaki ya hau, fentin ya gama fitar da tinarsa, wato ruwan da aka tsinka shi da shi. Alamar kaki yana nan ita ce ruwa ya dunƙule yana gangarewa kamar a ganyen gwaza. Ranar da ruwa ya koma yana kwanciya shimfiɗe, kaki ya ƙare, sai a wanke a sake shafawa. Ba a bukatar gurza.

Ni dai na tsaya a nan: man gurza, man lailaya, kakin mota. Da yamman nan na sa yaro ya rubuta su da alƙalamin maka a murfin gwangwanayen uku. Masu wanki na Yelwa da Rumde Aja, ku gwada su a bakin masu motoci na mako biyu, ku dawo ku faɗa mana wadda ta kama da wadda ta zame.

Hajiya kuwa na kira ta na ce mata, "Hajiya, motarki an gurje ta fiye da kima, ba sauran abin gurza. Kafo da ƙofa biyu sai an sake fesawa, sauran jikin kaki kawai za mu riƙa shafa mata." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Au, gurzar ta suke yi? Da haka suka ce mini tun farko, ai da ban yarda ba." Ranar Asabar za ta kawo ta.