Likita ba ya daɗewa a asibitinmu, me za mu nema?

Ɗan Kwamiti:
Assalamu alaikum. Babban asibitin ƙaramar hukumarmu, a gabashin Jigawa, likita ɗaya gare shi, kuma duk wanda aka turo da wuya ya cika shekara biyu. Kwamitin abokan asibiti zai kai koke ma'aikatar lafiya a Dutse. Wasu sun ce ƙarin albashi kawai za a nema, wasu sun ce a turo ɗan asalin gari. Masana, me ya kamata mu rubuta?

Tsohon Likita:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ku fara da adadi kafin kuɗi. Likita ɗaya shi zai zagaya ɗakunan kwanciya da safe, ya ga marasa lafiya har azahar, ya shiga tiyata, da dare kuma a buga masa ƙofa. Ba hutun ƙarshen mako, ba na shekara, don ba mai riƙe masa wurin. Ko nawa aka ba shi, jiki ba zai ɗauka ba. Ku nemi uku a ƙalla, ta yadda kowa zai kwana a bakin aiki dare ɗaya cikin uku, in ɗaya ya tafi hutu biyu su raba.

Sai maganar gaba. Matashin likitan da ake turo muku ya yi shekara 6 a jami'a, shekara ɗaya ta horon farko a asibiti, ɗaya ta bautar ƙasa. Abin da ke ransa yanzu shi ne horon ƙwarewa, kuma ba a yin sa sai a asibitin da kwalejojin ƙwararru suka amince da shi, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Shekarun ƙauye ba sa shiga wannan lissafi, yana kallo sa'o'insa na wuce shi. Don haka ku roƙi a rubuta cikin takardar tura shi cewa in ya cika shekara biyu a karkara za a sake shi ya tafi horo da cikakken albashinsa, ya dawo ya yi wa jiha aiki. Alkawarin baki ba ya riƙe kowa, domin jami'in da ya yi shi ana iya canza masa wurin aiki gobe.

Mai Lissafin Albashi:
Na yarda da Dakta, amma kuɗin ma a duba shi da kyau. Ana biyan likitoci bisa tsarin albashin likitoci da ake kira CONMESS: albashin tushe, sai alawus na kwanan aiki, na haɗarin aiki, da na zaman karkara. Abin da mutane ba su lura da shi ba, idan gwamnatin tarayya ta yi ƙari, kamar gyaran alawus ɗin haɗari na 2021 wanda a da naira 5,000 ne a wata, ko ƙarin kashi 25 da 35 cikin ɗari na 2023, wannan bai hau kan jiha ba sai ita ma ta amince ta saka a kasafinta. A tsakanin nan ne asibitocin tarayya ke kwashe likitocin jiha, tun kafin a zo maganar Saudiyya ko Ingila. Cibiyar lafiya ta tarayya ta Birnin Kudu ma a cikin jihar take, ba sai mutum ya yi nisa ba.

Abu biyu za ku rubuta. A saka sabon likita cikin tsarin biyan albashi tun watan farko, domin wanda ya yi wata uku yana cin bashi ya riga ya fara neman wani wuri. Sannan a raba alawus ɗin karkara hawa-hawa bisa nisa da wahalar hanya. Bai dace na kusa da Dutse ya karɓi daidai da na Birniwa ko Guri ba. Karo-karon da al'umma ke yi don ƙara wa likita kuɗi kuwa, ban ba da shawararsa ba. Watan da aka kasa tarawa, ɓacin ran ya fi na wanda ba a taɓa ba.

Ungozoma:
Alhaji, ɗan gari ba shi ne magani ba. 'Yan uwa gida suke bin sa dare da rana, kuma ba ya iya cewa a'a. Ku duba kayan aiki. Likita ba zai yi wa mai naƙuda tiyata ba sai da nas mai ba da maganin barci, da jini, da wuta. In babu su, aikinsa rubuta takardar tura mata Haɗeja ko Jahun, kuma a Agusta da Satumba, in kogin Haɗeja ya yi ambaliya, wasu hanyoyin ma yankewa suke. Rasa uwa a hannu saboda rashin leda biyu ta jini ya fi ƙarancin albashi karya zuciyar ma'aikaci.

Nan ne kwamiti ke da hannu. A sa sola da batir a ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa da firjin jini, wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 6. A haɗa jerin matasa masu ba da jini, kowa da rukunin jininsa da lambarsa. Gidan likita ya kasance cikin harabar asibiti, da ruwa da katanga, musamman in mace kuke fatan samu.

Ɗan Kwamiti:
Allah ya saka da alheri. To likitan bautar ƙasa fa, zai shiga cikin ukun?

Tsohon Likita:
A matsayin na huɗu dai. Shekara ɗaya zai yi, kuma yana bukatar babba a kansa kafin ya riƙe tiyata shi kaɗai. Ku haɗa takardar da alƙaluma daga rajistar asibitin: haihuwa nawa a wata, tiyata nawa, mata nawa aka tura wani asibiti da dare, na wata 12 da suka wuce.